Yadda Za Ka Shiga Duwatsun Shere Karon Farko, Ka Fito Kafin Rana Ta Yi Sanyi

Duk wanda ya kwana a Jos cikin watan Nuwamba, ya fito da safe ya dubi gabas, ya san yadda duwatsun Shere ke kiran mutum. Damina ta ɗauke, hazon hunturu bai gama sauka ba, sama ta wanke tas, kowane tsauni ya fito fili kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Nan ne kuskuren farko yake farawa. Garau ɗin da gari ya yi shi ke rage wa ido nisa. Tsaunin da kake cewa tafiyar rabin awa ce, tsakaninka da shi akwai kwari biyu da kwazazzabo da ciyawa mai kai ƙirji, duk ba ka gan su daga inda kake tsaye ba.

Shere na nan kimanin kilomita 10 gabas da tsakiyar Jos. Garin kansa yana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga doron teku, ƙololuwar Shere kuwa ta kai mita 1,829, ita ce mafi tsawo a tsaunukan Filato. Wanda ya saba da hawan Dala a Kano ko Kufena a Zariya kada ya ɗauka abu ɗaya ne. A can dutse guda ne, gari na ƙarƙashinka, ko'ina ka juya kana ganin gida. Shere kuwa tarin duwatsu ne masu kama da juna, ɗaya na ɓoye ɗaya. Da zarar ka gangara bayan na farko, Jos ta ɓace maka.

Tun ana saura kwana biyu ko uku

Fara da tambayar lafiyar wurin, kuma ka tambayi wanda ƙafarsa ta taka can cikin makon nan, ba wanda ya je bara ba. Jihar Filato ta sha fama da rikici, akwai kuma lokutan da masu garkuwa da mutane ke fakewa a duwatsu. Wurin da yake lafiya lau a wannan wata yana iya canzawa a wata mai zuwa. Idan mutum biyu daga cikin mazauna gindin dutsen suka ce maka a dakata, to a dakata. Dutsen ba zai tashi ya bar wurin ba.

Sai neman ɗan rakiya. Da ɗan gari akan ci gari, kuma ban san inda maganar nan ta fi zama daidai kamar a dutse ba. Ƙauyukan da ke kewaye da Shere galibi na Afizere ne, waɗanda Hausawa ke kira Jarawa. Yawancinsu suna jin Hausa sarai, don haka magana ba za ta yi wuya ba. Ka je wurin mai unguwa ko dagaci, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka faɗi ko ku su waye, ku nawa ne, ina kuke son zuwa, sannan ka roƙi a haɗa ku da wanda ya san hanya, mafarauci ko manomin da gonarsa ke sama. Ku daidaita abin da za ku ba shi tun a ƙasa. Akwai kuma makarantar horon shugabanci da zama ɗan ƙasa nagari ta gwamnatin tarayya a gindin duwatsun, wadda mutane suka fi sani da Man O' War, malamanta aikinsu ke nan hawa da sauka da ɗalibai. Tambaya a can ma ba za ta faɗi ƙasa banza ba.

Wani zai ce ai yana da taswira a waya. Yana da kyau, ka ma sauke taswirar yankin a Google Maps tun kana gida domin ta yi aiki ko babu sabis. Amma taswirar waya ba ta san hanyar ƙafa ba. Ba ta san kogon da zuma ta yi gida a ciki ba, ba ta san kurmin da mutanen wurin suke girmamawa ba su yarda baƙo ya shiga ba, ba ta san an kafa tarko a wane lungu ba. Ɗan rakiya ya san duk wannan tun yana yaro.

Kada ku gaza mutum uku ban da shi. Dalili a fili yake: in ɗaya ya yi targaɗe, ɗaya ya zauna da shi, sauran su tafi neman taimako. Sannan ka bar saƙo a gida wurin mutumin da ka san ba ya mantuwa: ta wane ƙauye za ku shiga, sunan ɗan rakiya da lambarsa, ƙarfe nawa za ku fito, da kuma ƙarfe nawa ne in bai ji daga gare ku ba zai tashi tsaye.

Lissafin lokaci

Nan nake so ka natsu, domin yawancin wahalar da na gani a dutse daga nan take tasowa.

Wani mahayin duwatsu ɗan Sikotilan mai suna William Naismith ya fitar da wani ma'auni a 1892 wanda har yau ake amfani da shi: awa ɗaya ga kowane kilomita 5 na tafiya, sannan a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Misali, in zuwa da dawowa kilomita 8 ne, hawan kuma mita 400, lissafi zai ba ka awa biyu da kwata ko kusa da haka. To wannan na ƙaƙƙarfan mutum ne a hanya mai kyau, babu hutu, babu ɗaukar hoto, babu sallah. A wurin da ba ka sani ba, cikin rana, tsakanin manyan duwatsu, ni ninkawa nake yi. Awa biyu da kwata ta zama huɗu da rabi. Kuma da saurin wanda ya fi kowa nauyin jiki a cikinku za a yi lissafin.

Ku fara taka dutse da ƙarfe 6:30 ko 7:00 na safe. Awannin nan kafin hantsi ya dubi ludayi su ne ribar ranar gaba ɗaya: dutse bai ɗau zafi ba, iska na da sanyi, haske na zuwa a karkace yana fito da kowane lungu. Sannan tun kafin ku ɗaga ƙafa ku yanke lokacin juyowa, ku faɗe shi da baki kowa ya ji. Ni ƙarfe 11:00 nake sawa. In lokacin ya yi, ko saura ƙiris a kai ƙololuwa, a juyo. Na san yadda zuciya ke yi a wannan gaɓa, tana cewa ga shi nan fa, minti goma kawai. Tsaunukan nan suna da kawunan ƙarya, ka hau wanda kake zaton shi ne ƙarshe sai ka tarar da wani a bayansa ya fi shi. Minti goman nan ita ke zama awa biyu.

A Jos rana na faɗuwa tsakanin ƙarfe shida da bakwai saura duk shekara, kuma duhu ba ya jira, cikin rabin awa ya rufe. Shi ya sa ake son ku sauko da azahar, ya zama akwai rarar awa huɗu a aljihu saboda abin da ba a shirya masa ba.

Game da watanni: daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba ya fi daɗi. Disamba zuwa Fabrairu akwai sanyi mai shiga ƙashi da safe, ga hazo da kan rufe nesa. Maris da Afrilu zafi ya fi tsanani. Yuli da Agusta ruwa ne kusan kullum, dutse santsi. Kuma in kana azumi, ka ɗage tafiyar.

Kayan da za ka ɗauka

Ruwa shi ne gaba. Ka lissafa rabin lita a kowace awa ta tafiya, ka ƙara lita ɗaya ta ajiya. Tafiyar awa biyar ke nan lita uku da rabi ga kowane mutum, ba ga ayari ba. Yana da nauyi, lita ɗaya kilo ɗaya ce, amma nauyi ne mai raguwa. Ka sa ƙunshi biyu na gishiri da sukari irin na kemis a jaka, don haɗawa da ruwa in buƙata ta taso. In babu, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe da rabin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya. Kada ka dogara da rafi. Da rani da yawa sun ƙafe, wanda ya rage kuma shanu na sha a sama da kai.

Takalmi kambas mai rufe ƙafa, mai zanen ƙasa da ke kama dutse, wanda ka riga ka saba da shi. Sabon takalmi zai yi maka bororo kafin ka kai rabi. Silifas da takalmin fata mai sulɓi a bar su a gida. Dogon wando mai kauri saboda ƙaya da maciji, riga mai dogon hannu mara nauyi, mai haske. Malafa ta fi hular hana-sallah nesa ba kusa ba, don tana rufe ƙeya da kunnuwa. Mata su zaɓi hijabi gajere mara santsi da wando a ƙarƙashin riga, saboda doguwar abaya na harɗe ƙafa a wurin hawa, na ga ta kayar da mutum.

Abinci mara nauyi mai riƙe ciki: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, ayaba, ɗan burodi. Kilishi na da daɗi amma yajinsa da gishirinsa na ƙara ƙishirwa, kaɗan ya isa. Sai sanda mai ƙwari, tocila ko da kana da niyyar dawowa da rana tsaka, usur, bandeji mai naɗewa, filasta, fanadol, abin cajin waya na aljihu, da rigar sanyi mara nauyi domin iskar sama. Duk a jakar goyo, hannuwanka biyu su zama a sake.

Da kun shiga

Kafin ku bar ƙauye, tsaya ka ɗana alamar wurin a taswirar wayarka, sannan ka rufe data don batir ya daɗe. Ka dubi inda rana take, ka dubi inuwarka. In kun nufi gabas da safe, rana na fuskarku, inuwa na bayanku. Riƙe wannan a ranka.

Sai ɗabi'ar da na fi so kowa ya koya: waiwaye. Duk bayan minti goma, da kuma duk inda hanya ta rabu, ka juya gaba ɗaya ka kalli inda ka fito. Hanya tana da fuska biyu. Dutsen da ka wuce yana kama da tukunya a kife, in ka dawo ta bayansa sai ka ga wani abu dabam, ka rantse ba ka taɓa ganinsa ba. Ka ɗauki hoton mararrabar kana fuskantar baya. Ka laƙaba wa alamomi suna da ƙarfi, kowa ya ji: dutse mai tsagi, itace guda a kan fako, gonar acca mai shingen ƙyarana. Ko da ɗan rakiya na tare da ku ka yi haka, domin shi ma ɗan Adam ne, yana iya zama shi ne wanda zai ji ciwo.

Ku tafi a hankali, taku gajere. Ma'auninsa shi ne ka iya magana kana tafiya ba tare da haki ba. Matasa sukan fara da gudu, bayan awa guda sai ka tarar da su a zaune. Mai rauni ya bi bayan ɗan rakiya kai tsaye, mai ƙarfi ya tsaya a ƙarshe, kuma kada na gaba ya ɓace wa na baya. Hutu minti biyar zuwa goma a kowace awa, a inuwa, a kurɓi ruwa ko ba a jin ƙishi.

Falalen dutse in ya bushe yana riƙe takalmi da kyau. Abin tsoro shi ne baƙin zanen da ke gangarowa a jikinsa, hanyar ruwa ce, in da ɗan danshi ta fi sabulu santsi. Haka tsakuwar da ke barbaje a kan gangara, tana mirginawa ƙarƙashin ƙafa. A wurin da sai an sa hannu, gaɓoɓi uku su kama, ɗaya ta motsa. Kuma kafin ka haye kowane wuri ka tambayi kanka ko za ka iya saukowa ta nan. Hawa ya fi sauka sauƙi, saboda mai hawa yana ganin inda zai sa ƙafa, mai sauka lalube yake yi. In ka ture dutse ya gangara, yi ihu nan take saboda na ƙasa.

In kun bi ta gona, ku bi gefe, ku gaida mai gona. Shingen ƙyarana da tinyar da ke fitowa a tsakanin duwatsu kada a karya su, farin ruwansu na ƙona fata, in ya shiga ido kuwa abin ya yi muni, sai a yi ta wankewa da ruwa mai yawa. Kada a ɗauki hoton mutum sai da izininsa. Tsofaffin ramukan haƙar kuza da ruwa ya cika suna nan birjik a ƙasar Jos, ruwansu kore shar yana jan mai jin zafi, amma gaɓarsu a miƙe take kuma suna da zurfi. Sun ci rayuka. Kada kowa ya shiga.

Rana

Sanyin Jos yana ruɗar baƙo. Duk mita 1,000 da ka ƙara sama, zafin iska na raguwa da kusan digiri 6, amma ƙarfin hasken da ke ƙona fata ƙaruwa yake yi da kusan kashi 10 cikin 100. Ga iska tana busar da gumi kafin ka gan shi. Sai mutum ya yi ta zubar da ruwan jikinsa yana cewa ai ba zafi. Ka lura da fitsarinka: in ya yi ja kamar shayi, ko ka yi awa uku ba ka ji shi ba, kana baya a shan ruwa.

Ku riƙa duban juna. Mai surutu ya yi tsit, ko mutum ya fara tuntuɓe a wuri mai kyau, ko ya ce kansa na sarawa, jiri na ɗibarsa, zuciyarsa na tashi, to rana ta fara taɓa shi. A kai shi inuwa, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta tufa, a jiƙa masa kai da wuya da hammata, a yi masa fifita, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Tafiya ta ƙare daga nan, in ya farfaɗo gida za a nufa. Idan kuwa ya fara sambatu, bai gane mutane ba, jikinsa ya yi zafi rau, wannan ya wuce gajiya, rai ne a kan siraɗi. A ci gaba da sanyaya shi da duk ruwan da ake da shi, kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki, a kira 112, a kuma aika ƙauye neman masu ɗauka. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos yana Lamingo, a wannan ɓangaren gari.

Rana mai haske ba ta hana hadari ba, musamman a Afrilu, Mayu da Oktoba. Safiya garau, da azahar gajimare ya taru ya yi baƙi daga gabas. In ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa, kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. In bai kai daƙiƙa 30 ba, ku bar ƙololuwa da falalen dutse da gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai, ku gangara, amma ba cikin kwazazzabo ba, don ruwan dutse na taruwa ya sauko da ƙarfi cikin 'yan mintuna.

Maciji, zuma, gobara

Kada ka sa hannu ko ƙafa inda idonka bai gani ba. Ka taka kan dutse ka duba bayansa kafin ka sauka, kada ka tsallake shi a makance. Kasa ba ta gudu, kwanciyarta take yi ta saje da ƙasa. Kububuwa ƙarama ce amma dafinta na hana jini daskarewa. In an yi sara, kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi kamar mai karaya, a ɗauki mutumin zuwa asibiti ko da ya ce ba ya jin komai, domin dafin kububuwa yakan ɗau lokaci kafin ya nuna kansa.

In ka ji gunjin zuma a kogo, juya ba hayaniya. In ta taso, rufe fuska da riga ka yi nisa ta hanyar da ka sani. Daga Disamba kuma mafarauta na cinna wa daji wuta. Wuta ta fi saurin hawa tudu a kan gangarowa, don haka kada ka gudu sama a gabanta, ka nemi fako ko falalen dutse mara ciyawa, ko inda ta riga ta cinye.

In hanya ta ɓace

Tsaya. Zauna a inuwa, sha ruwa, bari bugun zuciya ya lafa. Mutumin da ya ruɗe sauri yake ƙarawa, kuma saurin ne ke nisanta shi. Tuna wuri na ƙarshe da ka tabbatar da shi, duba hotunan waiwayen da ka ɗauka, in kana iya komawa can to koma. In ba haka ba, hau ɗan tudu na kusa mara haɗari, sau da yawa a nan ake samun sabis, a nan kuma ido ke hango rufin kwano ko ruwan dam ɗin Lamingo.

In waya ta mutu, rana za ta nuna maka gabas. Kafa sanda a tsaye, sa tsakuwa a ƙarshen inuwarta, jira minti ashirin, sa wata tsakuwar a inda inuwar ta koma. Ta farko yamma, ta biyu gabas. Jos tana yamma da Shere. Wannan dabarar ma ta isa neman alƙibla, wadda daga nan take gabas da ɗan karkata zuwa arewa. Abu ɗaya da ke rikita mutane: inuwar tsakar rana a yankin Jos tana nuna arewa ne daga Satumba zuwa farkon Afrilu, amma daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta kudu take nunawa. Usur kuma busa uku a jere, a saurara, a sake. Ya fi murya zuwa nesa, kuma ba ya busar da maƙogwaro.

Saukowa

A sama ku zauna ku more abin da kuka zo gani. Ga Jos shimfiɗe, ga ruwan dam na ƙyalli, ga gonaki kamar an yanka tabarma. Ku ci abinci, ku tattara ledoji da gorunan ruwa ku mayar jaka, sannan a ƙara ɗaure igiyar takalmi tamau don kada yatsu su riƙa dukan gaba.

A karo na farko ku koma ta inda kuka zo. Gajeriyar hanyar da ido ke hangowa daga sama takan ƙare a bakin gaɓa mai tsayin bene. Gwiwa a ɗan lanƙwashe, taku gajere, sanda a gaba, a wuri mai tsananin gangara a juya gefe ko a fuskanci dutse a sauka kamar mai sauka daga tsani. Ƙafa ta gaji a wannan lokaci, hankali ya riga ya isa gida, shi ya sa targaɗe ya fi yawa a nan. A rage hira har a kai fili.

Da kun iso ƙauye, ku sallami ɗan rakiya da abin da aka yi alkawari, ku koma wurin mai unguwa ku shaida masa kun fito cif yadda kuka shiga, ku yi godiya. Sannan ka kira mutumin gida da ka bar wa saƙo kafin ka shiga mota. Da dare, tun abin yana sabo a kanka, rubuta ƙarfe nawa kuka tashi, ƙarfe nawa kuka kai, ruwa nawa ya rage, da sunan kwarin da ɗan rakiya ya nuna muku ya ce sai wani zuwan.